Tsohuwar Honda Prelude ta mutu ta ƙi tashi: yadda ake gano inda matsalar take

Ka tsaya sayen wani abu da rana tsaka, ka dawo bayan minti goma, ka murɗa makulli, kik yana juyawa da ƙarfinsa amma inji ya ƙi kamawa. Ka bar ta rabin awa, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ko kuwa kana cikin tafiya ta ɗauke gaba ɗaya a tsakiyar titi. Duk mai riƙe da Honda Prelude ta 1992 zuwa 1996 ya san ɗaya daga cikin waɗannan, domin motar ta kai shekara talatin ko ta haura, kuma kayan wutarta sun sha zafi sun sha girgiza.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake kashe kuɗi a kan irin wannan matsala. A canza famfon mai, a canza fulogi, a canza kwayil mai ba fulogi wuta, daga ƙarshe a ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Kowane canji motar za ta tashi, saboda dama in ta huce tashi take yi, sai mai ita ya ɗauka an gama. Bayan kwana uku ta sake. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ba a kama ta sai a lokacin da take nan. Don haka kada ka sayi komai tukuna. Ka ajiye mita ta awon wuta, da testa mai ƙwan fitila, da fulogi guda na ajiya, da sukundireba, da ɗan guntun waya a cikin motar, ka jira ranar da za ta yi halinta.

Na ɗauki Prelude ne domin a yi magana a kan abu takamaimai. Injinanta su ne F22A, da H23A, da H22A mai VTEC, sai F20A a wasu na Turai. F22A ɗan gida ɗaya ne da injin Accord ta 1990 zuwa 1993 da muke kira Hala, don haka mafi yawan abin da zan faɗa zai yi wa mai Accord ko Civic ta waɗannan shekaru aiki.

Kafin ka taɓa komai: ja burkin hannu, sa giya a firi, kashe sigari, kuma kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa goma a jere.

Tuna yadda ta mutu

Wannan shi ne rabin aikin, kuma kai kaɗai ka gani, bakanike bai gani ba.

Idan ta ɗauke lokaci guda kamar an kashe makulli, allurar da ke nuna juyin inji ta faɗi ƙasa nan take alhali motar na cikin giya tana gangarawa, to wutar fulogi ce ta yanke. Allurar tana samun saƙonta ne daga iginaita, wato ƴar na'urar da ke kunna kwayil tana kashe shi, shi ya sa take mutuwa tare da ita. Idan kuwa ta yi ta shiƙa, ka taka totur ta ƙi amsawa, ƙarfi na raguwa har ta tsaya, hankalinka ya tafi wajen mai. Idan fitilu ne suka fara dushewa, rediyo ta ɗauke, sannan ta mutu, kik kuma ya koma ba ƙarfi, altaneta ce ta daina caji motar ta cinye batir. Idan kuma sai ka ɗaga ƙafa daga totur a danja ko a cunkoso take mutuwa, amma tana tashi da ka sake kik, wannan maganar silo ce, wato juyin inji ba a taka totur ba, za mu zo kanta.

Akwai alama ɗaya da mutane ba sa lura da ita. Duk injin da ya mutu makulli na kunne, dole fitilar batir da ta baƙin mai su kama a dashbod. In ta mutu dashbod ya yi duhu ɗif, babu fitila ko ɗaya, to suwic ɗin makulli ne, wato ɓangaren wutar da ke bayan inda ake zura makulli. Ƙarafan cikinsa sukan ƙone su daina haɗuwa. Wata alamarsa ita ce motar ta kama muddin kana riƙe da makulli a wajen kik, kana saki ta mutu. Gwada girgiza makullin a hankali inji na silo, ka ga ko zai yi tuntuɓe. Ciwon sananne ne, har a 2002 Honda ta kira motoci kimanin miliyan guda a Amurka, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, don a canza musu wannan suwic. Tarin makullan gida da na shago da ake ratayawa a jiki ba ya taimaka masa.

Kik na juyawa ko ba ya juyawa

In ba ya juyawa, aikin gajere ne. Auna batir da mita: cikakke volt 12.6 ne, 12.2 ya kai rabi, kuma lokacin kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Kwance kan batir ka goge farin garin nan, ka ɗaure sosai, ka bi baƙar waya har inda ta kama bodi da inji. Ƙara ɗaya “tak” ba juyi, batir kuma lafiya lau, yawanci tagullar cikin solinoyid ɗin kik ce ta cinye, ana canza ta ita kaɗai. Shiru gaba ɗaya a mai otomatik, gwada ta a N maimakon P. A mai kuloci da aka shigo da ita daga Amurka, leƙa saman fedar kuloci, akwai ɗan roba da ke danna suwic, in ya farfashe ya faɗo kan kafet kik ba zai amsa ba. Sai kuma tsohon alam ko na'urar hana sata da wani ya taɓa ɗaurawa, wadda aka yanka wayoyi aka naɗe da tef.

Kada ka cire kan batir inji na aiki wai don gwada altaneta. Al'ada ce da ta yaɗu, kuma tana iya ƙona birenbos. Mita ta isa: inji na aiki ka ga tsakanin 13.5 da 14.5.

In kik na juyawa, saurari muryarsa. Lafiyayyen inji yana da nauyi-nauyi a juyinsa, kana jin kowane fistin na matse iska. In ka ji yana wulwulawa da sauri, sumul, ba nauyi, dakata nan take. Buɗe murfin zuba baƙin mai, wani ya ɗan taɓa kik sau ɗaya, ka duba ko kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, na motsi. In ba ya motsi, taimin bel ya tsinke ko haƙoransa sun zube. A waɗannan injina fistin na iya dukan bawul idan bel ya tafi, don haka kowane ƙarin kik ƙarin ɓarna ne. Nan sai janwe.

Daƙiƙa biyu na farko

In kik lafiya, bel lafiya, to ga gwajin da ya fi kowanne amfani a wannan mota, kuma ba ya buƙatar ko sifana. Kashe rediyo da fanka, rufe ƙofa, murɗa makulli zuwa II ba tare da kik ba, ka kasa kunne.

Abin da ya kamata ya faru: ka ji “tak” a ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, fitilar cek, wato ta gargaɗin inji, ta kama, daga baya wajen tanki ka ji famfon mai na gunji a hankali. Bayan daƙiƙa biyu ka sake jin “tak”, famfo ya yi shiru, fitilar cek ta mutu. Ka saba da wannan tun motar na lafiya, yadda ranar da ta ƙi tashi kunnenka zai gane abin da ya ɓace.

Mai yin wannan “tak” shi ne babban rile, wato suwic da wuta ke kunnawa, wanda Honda ke rubuta wa PGM-FI. Ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, yana maƙale sama da ƙafafun direba, kuma rile biyu ne a cikinsa: ɗaya na ba birenbos da nozul masu fesa mai wuta, ɗaya na ba famfon mai. Ƙafafunsu an like su da dalma a kan ɗan allo. Shekara da shekaru zafi na buɗa dalmar sanyi na tsuke ta, har ta tsage zagaye da ƙafar, siririyar tsaga kamar silin gashi. Da sanyin safiya bakin tsagar na haɗe, wuta na wucewa. Ka ajiye motar a rana a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda zafin waje ma ya haura digiri 40 balle cikin mota gilasai a rufe, tsagar ta buɗe, famfo ya rasa wuta. Shi ya sa take tashi da ta huce, shi ya sa kuma take tashi lafiya lau a gareji da safe, bakanike ya ce bai ga komai ba.

Idan ba ka ji gunjin famfo ba, fara duba fiyus, da testa ba da ido ba, domin fiyus na iya tsagewa ido bai gani ba. Sannan buɗe ƙofofi iska ta shiga, ka ɗan ƙwanƙwasa rilen da gindin sukundireba kana sake murɗa makulli. In famfo ya farka, ka kama ɓarawo. Ciro rilen, ɓalle murfinsa, duba bayan allon a haske mai kyau, za ka ga zoben tsaga a gindin manyan ƙafafu. Mai gyaran rediyo zai tsotse tsohuwar dalma ya zuba sabuwa cikin minti goma. A ganina wannan ya fi sayo wani na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka, domin wancan ma tsararsa ne, dalmarsa ta sha irin wannan tsufan.

A kula da wani bambanci. Rilen nan ya fi hana mota tashi in ta yi zafi, bai cika kashe ta tana cikin tafiya ba. In taka a guje take ɗaukewa, kada ka tsaya a kansa.

In fitilar cek ba ta kama ba sam, ko ta kama ta ƙi mutuwa kuma babu gunjin famfo, birenbos ne bai farka ba. Kafin ka zarge shi, nemo wayoyinsa na at, wato waɗanda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota. A yawancin Honda na wannan zamani an ɗaure su da ƙaramin noti a jikin gidan tamostat. Da yake a wajenmu an saba cire tamostat wai don kada mota ta yi zafi, sau da yawa a wannan aikin ne ake barin notin a kwance ko tsatsa ta ci wurin. Kwance, goge har ƙarfe ya yi fari, ɗaure. Motoci da yawa da aka yanke wa hukuncin birenbos wannan noti ne kawai.

Tambayi motar da kanta

In kik na juyawa, kada ka yarda a cire kan batir kafin wannan mataki, domin cirewa na goge abin da birenbos ya ajiye. A ƙarƙashin dashbod akwai shuɗin soket mai rami biyu da ba a haɗa shi da komai ba. Makulli a kashe, haɗa ramukan biyu da guntun waya, murɗa zuwa II, ka ƙirga ƙyaftawar fitilar cek. Doguwa goma ce, gajera ɗaya. Doguwa ɗaya da gajeru biyar, 15 ke nan.

Lambobin da suka shafe mu: 4, 8 da 9 na sensa uku ne masu gaya wa birenbos inda fistin yake, a yawancin motocin suna cikin distiributa, wato mai raba wa fulogi wuta. 15 saƙon wutar fulogi ne. 16 nozul. 6 sensar zafin ruwa. 3 da 5 sensar MAP mai auna iskar manifol. 7 sensar totur. 14 bawul ɗin silo. 12 EGR, bawul mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji. Lamba tana nuna layi ne, ba ta ce kayan ne ya mutu ba, wayarsa ko soket ɗinsa na iya zama matsalar. Kuma babban rile, kwayil da famfon mai sukan mutu ba tare da barin wata lamba ba.

Wutar fulogi

Zare wayar fulogi ɗaya, sa mata fulogin ajiya, kwantar da gindinsa a kan ƙarfen inji, wani ya yi kik. Kana son wuta mai ƙarfi, shuɗiya ko fara, tana tas-tas a kai a kai. Kada ka taɓa yin kik wayar na reto a iska ba inda wuta za ta sauka. Wutar za ta nemi hanya ta cikin kwayil ta huda shi, ka shigo da matsala ɗaya ka koma da biyu.

In babu wuta, ko ja ce mai rauni, buɗe murfin distiributa. A wasu Prelude kwayil na waje, a wasu yana ciki, amma iginaita a ciki take. Duba murfin ko ya tsage ko akwai baƙin layi kamar zanen fensir, duba gawayin tsakiya. Kama rota ka girgiza, ƙaramin sukurun da ke riƙe ta yakan kwance. Jan gari kamar tsatsa na nufin boris ɗin distiributa na cinyewa, kuma shi ne ke lalata sensa. Baƙin mai a ciki na nufin sil ɗin ciki ya mutu.

Sai ka ɗauki testa. Makulli a II, waya baƙa mai ratsin rawaya dole ta kawo wutar volt 12. In babu, koma kan fiyus da suwic ɗin makulli. In akwai, maƙala testa a ƙafar kwayil mai alamar ragi, a yi kik. In ƙwan na ƙyaftawa, iginaita na aikinta, kwayil ne ya mutu. In ya tsaya cak ba ƙyaftawa, to iginaita ce, ko kuma saƙo ne ba ya iso mata, nan lambobin 4, 8, 9 da 15 za su raba gardama. Iginaita ita ce ta fi yin halin nan na ɗaukewa bayan tafiyar rabin awa ta dawo in ta huce. In za a sa wata, a shafa mata farin man nan mai janye zafi a bayanta kafin a ɗaure. Kuma a duba wayoyin fulogi, domin tsofaffin wayoyi da fulogi mai faɗin baki su ne ke wahalar da kwayil har ya ƙone. Tazarar bakin fulogi milimita 1.1 ce, jerin wuta kuma 1-3-4-2, kada a rikita wayoyin wajen mayarwa.

Mai

Wuta na nan da ƙarfinta amma ba ta kama ba? Zare babban tiyon iska, fesa ɗan maganin wanke kafireto a bakin totur, mayar da tiyon, yi kik. In ta kama ta yi daƙiƙa biyu ta mutu, mai ne ba ya isowa. Kada a tuttula fetur da gwangwani, wuta na iya dawowa ta baki.

Gunjin famfo ba shaida ba ce cewa yana turo mai da ƙarfin da ake bukata. Haka nan zare tiyo a ga mai na tsartuwa ba gwaji ba ne, haɗari ne kawai. A sa agogon awo a layin mai, a ga abin da ya kai kusan bar 2.3 zuwa 3, gwargwadon injin. In ya yi ƙasa, fara da filta, sannan rariyar da ke gindin famfo, sannan famfon. In famfo bai yi motsi ba sam, auna soket ɗinsa a cikin daƙiƙa biyun nan na farko: wuta ta zo bai juya ba, shi ne ya mutu, wuta ba ta zo ba, koma kan rile da waya. Yawo da tanki kusan ƙaf yana gajarta ransa, domin man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi.

Duba man kansa. Tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyar, in da ruwa zai kwanta a ƙasa, layin a fili. Wannan na faruwa bayan shan man jarka a bakin titi, ko da damina in murfin tanki ya saki. Motar da aka jingine shekara guda kuwa man da ke cikinta ya riga ya lalace, warinsa ma ya koma kamar na fenti, sai an juye shi.

In ƙarfin mai daidai ne, ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin nozul, kunnenka a gindinta, a yi kik. Lafiyayyen nozul na ƙas-ƙas. Huɗun duka su yi shiru ba mutuwa suka yi tare ba, wutarsu ce ta yanke, sai a bi layin daga babban rile zuwa akwatin rizista da ke ba su wuta.

Akwai kuma kishiyar wannan, mai ya yi yawa. Ciro fulogi, in ka gan shi jiƙe yana warin fetur, inji ya sha ya ƙoshi. Sensar zafin ruwa in ta lalace takan ce wa birenbos inji a sanyi yake alhali yana zafi, sai ya yi ta antayo mai. Zare kuma siririn tiyon da ke kan regileta mai daidaita ƙarfin mai a ƙarshen layin nozul, in ka ga fetur a cikinsa robar ciki ta fashe.

Wadda ke mutuwa a silo kaɗai

Wannan ba ta cika hana tashi ba. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai na taruwa a bakin totur da ragar bawul ɗin silo, su toshe hanyar iska. Kwance su ka wanke. Bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya kana lanƙwasawa, tsohuwar roba na ɓoye tsaga a ƙasanta. Bawul ɗin EGR in gawayi ya hana shi rufuwa yakan shaƙe inji a silo. Ka tabbata ruwan lagireto a cike yake ba iska a ciki, domin ruwan na ratsa bawul ɗin silo kuma da shi sensa ke auna zafi. Kada a fara da murɗa sukurun silo don a rufe matsalar.

Matsi da birenbos

Wuta akwai, mai akwai, har yanzu shiru? Duba alamomin taimin ko bel ya tsallake haƙori, abin da yakan faru a H22A in tenshina mai ɗame bel ta saki. In za ka juya inji da hannu, tuna cewa waɗannan injina hagu suke juyawa in kana kallon fuli. Auna matsin kowace silinda: kada ya gaza 135 a ma'aunin psi, kada kuma bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 28.

Birenbos shi ne na ƙarshe, bayan an tabbatar wuta na shiga masa kuma at ɗinsa lafiya. Buɗe shi ka duba gindin kapasito, tsofaffi sukan zubar da ruwa ya ci allon, za ka ga baƙi-baƙi ko kore-kore. In ɓarnar ba ta yi nisa ba ana canza su. In sai an sayo wani, a daidaita lambar da ke jikinsa: P12 na F22A ne, P13 na H22A, P14 na H23A, kuma na otomatik daban da na kuloci.

Duk abin da ka gyara, guda ɗaya za ka gyara a lokaci guda, sannan ka goge lambobin ta hanyar cire baƙin kan batir na ɗan lokaci. Ka mayar da motar cikin yanayin da take yin halin nata: in a rana take ƙin tashi, yi tafiya ta yi zafi, ajiye ta a rana gilasai a rufe minti ashirin, ka murɗa makulli ka saurari daƙiƙa biyun nan. In a guje take ɗaukewa, zagaya kusa da gida fiye da tsawon lokacin da ta saba mutuwa, sannan ka sake haɗa shuɗin soket ka ga ko wata lamba ta dawo.